Rigar Da Za Ta Kai Wata Tara

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannunmu. Da yake kowa da abin da ya iya yake zuwa taro, mu diflomarmu a fannin zane da ɗinkin tufafi muka yi ta, tef da almakashi sun riga biro zama a hannunmu. Don haka yau hirar ɗinki za mu yi, ɗinkin mai juna biyu, kuma a ƙarshe za mu ga inda zancen ya shafe mu a matsayinmu na masu rubutu.

Mu fara da abin da kowa ya sha gani a gidansu. An kawo lefe, an buɗe akwatuna, ga atamfa, ga leshi, ga shadda. Kafin biki a kwashi kala goma ko fiye a kai wa tela. Yawanci riga da siket za a yi, ko doguwar riga mai shef, kuma a auna amarya a lokacin da zirga-zirgar biki ta ramar da ita. Idan rabo ya zo da wuri, ba a rufa wata shida ba zif zai fara gardama. Yau wannan rigar ta ƙi shiga, jibi waccan ta shiga amma numfashi ya gagara. Kafin a ankara, mai akwati cike da kaya ta koma rayuwa cikin doguwar riga biyu, a wanke ɗaya a sa ɗaya, a ɗora zumbulelen hijabi a kai. Bayan haihuwa kuma ba kowane jiki ne yake komawa yadda yake ba, sai kayan su zama rabon ƙanne. Turmi yadi 6 ne, idan almakashi ya riga ya shiga shi, ba ya sake zama turmi. A wannan tsadar da ake ciki, duk wanda ya leƙa Kantin Kwari kwanan nan ya san asarar ba ƙarama ba ce.

Akwai wani lissafi da ya sa muke ganin zancen ya wuce na kwalliya. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa mace a yankin Arewa maso Yamma tana haihuwa kusan sau 6.6 a tsawon rayuwarta, idan aka yi matsakaicin lissafi. Mu ɗauki haihuwa 6 kawai. Sau wata 9, wata 54 ke nan, wato shekara huɗu da rabi tana ɗauke da ciki. A ƙara watannin shayarwa a kan kowace haihuwa. Za mu ga cewa a shekarun ƙuruciyar yawancin matanmu, lokacin da jiki yake tsaye wuri guda shi ne kaɗan. Amma duk da haka, ɗinkin da muke yi musu ɗinki ne na jikin da ba ya motsi.

Wanda zai yi wa mai ciki ɗinki dole ya san yadda jikin yake sauyawa, domin ba ƙiba ba ce irin wadda take bin ko'ina daidai wa daida. Ciki mako 40 ne a lissafin asibiti. Ƙirji ne yake fara cika, tun a watannin farko, lokacin da babu wanda zai kalli mace ya ce tana da komai. Wajen mako na 12 mahaifa take fara leƙowa sama da mara. A mako na 20 ta kai cibiya. Wajen mako na 36 ta taɓo ƙasan ƙirji. Su ma haƙarƙari suna buɗewa domin huhu ya sami wuri, har kewayen wurin ya ƙaru da kamar inci 2 zuwa 3. Shi ya sa mai ciki take cewa rigar tana shaƙe ta a ƙasan ƙirji alhali cikin ma bai fito sosai ba. Baya kuwa ba ya ƙaruwa kamar gaba, kafaɗa ma kusan tana nan yadda take. Sannan ciki yana jan tufa zuwa sama, shi ya sa za ka ga gaban riga ya ɗage, bayanta yana jan ƙasa.

Daga nan muka ɗauki ƙa'idar farko a aji: a rataye riga a wurin da ba ya sauyawa, wato kafaɗa, a bar wa wurin da yake sauyawa hanya. Telan da bai san wannan ba, idan aka ce masa ɗinkin mai ciki ne, sai kawai ya ƙara faɗi ta kowane gefe. Rigar ta fito kamar buhu, wuya ya zame, hannu ya yi yawa, ga shi kuma bayan wata biyu cikin ya sake cika ta.

Abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu shi ne, iyayenmu sun riga mu warware rabin wannan matsalar. Zani ba shi da lamba. Yadi 2 ne shimfiɗaɗɗe, mai shi ce take yanke masa faɗi duk safiya da hannunta. Da shi ta yi amarci, da ciki ya fito ta ɗaga shi ta yi ɗaurin ƙirji, da shi ta yi wankan jego, da shi ta goya yaron ta ɗora majanyi. Haka buba mai faɗin jiki, haka wandon maza mai ƙubaka da mazagi, wanda mutum zai ja ko ya saki gwargwadon cikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Tufafinmu na gado an yi su ne a kan fahimtar cewa jikin ɗan Adam yana hawa yana sauka. Zuwan zif da shef ne ya ɗaure mu a kan awon rana guda.

Wani zai ce to a koma zani mana, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Malamar makaranta da za ta tsaya a gaban allo, da ɗalibar da za ta hau adaidaita sahu sau huɗu a rana, da ma'aikaciyar jinya mai yunifom, duk suna buƙatar abin da ba zai kwance ba. Wata kuma za ta ce ai ga bubu da abaya. Gaskiya suna rufa asiri, amma ba su ceci kayan lefen da ke cikin akwati ba, yawancinsu ba su da ƙofar shayarwa, kuma mai ciki ma mutum ce, tana son ta shiga biki a ga ta yi kyau. Abin da muke nema shi ne a ɗauki hikimar zani a sa ta cikin ɗinkin zamani.

Ba mu kaɗai muka taɓa fama da wannan ba. A birnin Niyok na Amurka, a 1904, akwai wata tela mai suna Lena Bryant, baƙuwa daga Lituweniya, mijinta ya rasu ya bar ta da jariri. Wata mai ciki ta nemi ta ɗinka mata abin da za ta iya fita da shi cikin mutane. Sai ta yi mata riga mai roba a ƙugu, siket ɗinta kuma ninki-ninki ne da yake buɗewa idan jiki ya ƙaru. Dala 18 take sayar da ita. Jaridun lokacin sun ƙi karɓar tallar kayan masu ciki, suna ganin abin kunya ne, sai a 1911 jaridar New York Herald ta yarda ta buga, washegari kayan shagon suka ƙare kaf. Kamfanin Lane Bryant daga nan ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1930 kuma wasu 'yan uwan juna mata a birnin Dalas suka kafa Page Boy, suka fito da siket da aka yanke masa taga a gaba daidai wurin ciki, riga ta sauko ta rufe tagar, don bakin siket ya tsaya daidai ba tare da gaba ya ɗage ba. Darasi biyu muka ɗauka a nan. Na farko, kunyar zancen ciki ba tamu ce mu kaɗai ba. Na biyu, buƙatar tana nan tun ba a furta ta ba.

A shekararmu ta biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, mu biyar muka zaɓi wannan batu a matsayin aikinmu na kammalawa. Mun ɗinka matasan kai guda uku masu girma daban-daban, muna ɗaura wa mutum-mutumin aji, ɗaya a matsayin wata huɗu, ɗaya wata shida, ɗaya wata tara. Sharaɗin da malamarmu ta gindaya shi ne riga ɗaya ta zauna daram a kan duka ukun, sannan a cire matashin ta sake zama daram. Kafin mu sa almakashi, mun zauna da yayar ɗaya daga cikinmu, mai ciki na uku a lokacin, muka ce, “Yaya, me ya fi damun ki da kayan sawa?” Ta yi dariya ta ce, “Ku dai kada ku sa min ɗauri a baya. Hannuna ba ya kaiwa, kuma in na jingina da kujera ƙullin yana soka ta. Ku sa min aljihu, sannan ku tuna ranar awo.” Wannan amsar ta fi mana littafin da muka aro a laburare amfani. Ita ce ta sa rigar daga wata na huɗu har ta yi arba'in, kuma tana nan tana sa ta.

Ga abin da muka koya, a taƙaice yadda kowa zai iya kai wa telansa.

Abu mafi sauƙi shi ne alawus, wato rarar yadin da ake bari a cikin ɗinki. Riga tana da ɗinkin gefe biyu, kowanne da baki biyu. Idan aka bar ƙarin inci ɗaya da rabi a kowane baki, ranar da aka farke za a sami inci 6. Wannan kaɗai zai ƙara wa rigar amarya watanni. Sai dai a kula, a bar wa shafi irin wannan rarar, in ba haka ba an yi aikin banza. Kuma a yi ɗinkin gefen da dogon taku, domin shadda tana riƙe sawun allura, idan an farke sai layin ya fito fili.

Na biyu, a ɗaga yankan riga daga ƙugu zuwa ƙasan ƙirji kaɗan, a zuba tattara ko ninki a gaba, baya kuma a bar shi da shef ɗinsa. Mai kallo daga baya zai ga ɗinki ya zauna, gaba kuma yana da wurin da ciki zai shiga. Akwai wata dabara da muka fi so: a yi babban ninki mai shiga ciki a tsakiyar gaba, a kama bakinsa da ɗinki mai sauƙin farkewa. Amarya za ta sa shi a rufe, ba wanda zai san akwai yadi a ɓoye. Idan ciki ya fito, a farke inci kaɗan duk wata. Bayan yaye a mayar da shi.

Na uku, ɗauri a gefe. Wannan igiyar da ake yayi yanzu a bayan rigunan biki, wadda ake zargawa cikin 'yan madaukai a ja ta matse jiki, ita ɗin dai ce, amma a raba ta biyu a mayar da ita gefe da gefe, a sa ƙyalle mai faɗi a ƙarƙashi don kada jiki ya fito idan an sassauta. Abin da aka ƙirƙira don matsi sai ya koma abin sassauci. Wadda ba ta son igiya, a jera mata maɓallai sahu biyu ko uku.

Na huɗu, siket. Bakinsa ko dai ya hau saman ciki gaba ɗaya, ko ya sauka ƙasansa, kada ya ratsa tsakiya. Siket mai naɗi irin na zani, da igiya a gefe, shi ne ya fi kowanne daɗewa. In kuma mai zif ake so, a cire gabansa daga mara zuwa sama a maye da yadi mai talewa kalar atamfar, riga ta rufe shi. Akwai kuma robar nan mai ramukan maɓalli da ake sa wa wandon yara, a zura ta a bayan ƙugu, mai siket ta riƙa matsar da maɓallin da kanta. Atamfa ba ta talewa, amma idan aka yanka ta a karkace tana ɗan ba da kai, ko da yake hakan yana cin yadi.

Na biyar, a ƙara wa gaba tsawo kamar inci 2 zuwa 3, a zagaye shi a hankali ya haɗu da gefe. Kafin ciki ya fito a kalmashe rarar, daga baya a sake ta.

Na shida, ƙofar shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jariri nono zalla har wata 6, kuma mu a nan shayarwa takan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu. Duk mun taɓa ganin mai jego a gidan suna ko a layin asibiti tana kokawar tattaro doguwar riga tun daga ƙafa a ƙarƙashin hijabi, jariri yana tsala kuka. Gajeren zif a gaba da aka ɓoye a ƙarƙashin ninki, ko buɗi a layin ƙasan ƙirji da wani ƙyalle ya rufe, ya isa ya raba ta da wannan wahalar.

Sai zancen yadi da ranar awo. Mai ciki ta fi kowa jin zafi, ga garuruwanmu a watannin Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Auduga tana shan gumi, shafin roba kuwa riƙe shi yake yi, daga nan sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Matsi a saman ciki yana ƙara ƙwannafi, wanda dama yawancin masu ciki suna fama da shi. A wurin awo kuma, tun 2016 shawarar hukumar ita ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, kuma ma'aikaciya tana buƙatar buɗe ciki daga mara zuwa sama ta ɗora tef. Riga da siket ko riga da zani sun fi doguwar riga matsattsiya sauƙi a kan gadon nan.

Duk waɗannan dabaru babu mai wahala a cikinsu. Telan unguwa da keken ƙafa zai iya. Abin da yake hana su aiki shi ne shiru. Mai cikin fari a wurinmu ba ta cewa tana da ciki. Ko mahaifiyarta sai dai ta gane da ido. Ga shi teloli da yawa maza ne, mata da dama ba sa tsayawa a auna su, sai dai a aika yaro da tsohuwar riga a ce a yi daidai ita. Wannan rigar awon kuwa ta jikin bara ce. A shagon da muka yi koyon aiki, wata yarinya ta taɓa shigowa da gwaggonta, ta miƙa leda ta sunkuyar da kai ta ce, “Anti, a ɗan sake min su.” Mai shagon ba ta tambaye ta komai ba. Ta duba gefen rigunan, ta ga babu ko rabin inci a ciki, sai ta juya ga gwaggon ta ce, “Hajiya, akwai ragowar ƙyallen atamfar a gida?” Aka yi sa'a akwai na guda uku. Su ukun aka ceta da ƙari a gefe, sauran takwas aka mayar cikin leda.

Ba mu ce a daina kunya ba, tana cikin abin da ya yi mu. Cewa muka yi tunda mun san mai buƙatar ba za ta yi magana ba, sai ɗinkin ya riga ta. Tela ya ɗauka a ransa cewa duk kayan amarya da aka kawo masa, wataƙila a cikin shekarar za su haɗu da ciki, ya bar alawus ba sai an roƙe shi ba, ya mayar da ragowar ƙyalle ga masu shi. Uwar amarya ko yayarta ta ware kala uku ko huɗu ta ce a yi su da ninki da ɗaurin gefe, ta bar wasu turamen ba a yanka ba. Maigida ma, maimakon ya jira sai fitar suna, ya tuna cewa watanni biyar ɗin da suka gabaci sunan su ne ta fi buƙatar abin sawa.

Yanzu mu dawo gida, mu marubuta. Mun iya kwatanta kwalliya, wani lokaci shafi guda muke cinyewa a kan kalar leshi da ɗaurin ɗankwali. Amma da zarar tauraruwar labari ta sami ciki, abin da muka sani shi ne amai, da kwaɗayin tsamiya ko agwaluma, sai kuma mu tsallaka zuwa naƙuda. A wata na bakwai ma za ka ji an ce ta fito cikin riga da siket da suka kama ta tsam. Duk macen da ta taɓa haihuwa, tana karanta wannan ta san marubucin bai tambayi kowa ba. Alhali ga labari nan a zube. Amaryar da ta tsaya gaban madubi zif ya ƙi hawa, ta gane abin da take zato ya tabbata tun kafin ta je asibiti. Surukar da ta lura an daina sa kayan lefe, ba ta ce uffan ba, washegari ta aiko da zannuwa biyu. Kishiyar da ta ga an koma hijabi a tsakar gida da rana tsaka. Mijin da bai lura da komai ba. Kowane ɗaya daga cikinsu zai iya ɗaukar babi guda, ba tare da an furta kalmar ciki ba, kamar dai yadda ake yi a gidajenmu.

Shawararmu ga mai shirin rubuta irin wannan fitowar ita ce ya yi abin da muka yi kafin mu yanka yadi: ya sami yaya, ko inna, ko telar unguwa, ya zauna ya tambaya, ya saurara. Muna kuma sane da cewa a zauren nan akwai teloli da iyaye mata da suka fi mu gogewa, muna jiran gyara da ƙarin dabarun da ba mu ambata ba. Masu ɗauke da juna biyu a cikinmu, Allah Ya sauke ku lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.